Yadda Ake Bin Sawun Ayyukan Ɗan Wasan da Ya Fara Talabijin Tun Yana Yaro

Yaron da ya yi suna a talabijin yakan tsaya a zukatan masu kallo da kamannin da suka san shi da su, alhali shi ya girma, muryarsa ta buɗe, ya kuma ci gaba da fitowa a wasu shirye-shiryen da ba kowa ne ya shaida shi a cikinsu ba. Wanda yake son tattara ayyukan irin wannan ɗan wasa, musamman 'yan gajerun fitowar da ya yi a matsayin baƙo a shirye-shiryen barkwanci, sai ya bi a hankali, domin abin da mutum ya tuna daga kallon da ya yi da daɗewa yakan cakuɗe.

Kafin ka buɗe intanet, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka tuna: yanayin gidan da ake wasan, waɗanda suka fito a iyayensa, da wata kalma da ya saba maimaitawa. Daga nan ka raba sunan ɗan wasan da sunan da ya fito da shi, saboda a nan ne akasarin mutane suke yin tuntuɓe. Masu kallo da yawa sun san Arnold Jackson na shirin Diff'rent Strokes, wanda aka yi a Amurka daga 1978 zuwa 1986, amma sunan yaron Gary Coleman, kuma da wannan suna ne za ka samu sauran ayyukansa.

Sai batun shekara. Lokacin da ka kalli shiri ba lallai ne ya zama lokacin da aka yi shi ba, tunda tashoshi suna maimaita tsofaffin shirye-shirye, wasu ma sai bayan shekaru suke isa wasu ƙasashe. A ƙarshen kowane kashi akan rubuta shekarar da aka yi shi, sau da yawa da lambobin Romawa, ta yadda MCMLXXXVI take nufin 1986. Kada kuma ka yi amfani da girman jikin yaro wajen ƙiyasta shekarunsa. An haifi Coleman a 1968, ciwon ƙoda ya hana shi tsawo, shi ya sa lokacin da shirin ya ƙare yana da shekara 18 amma ana yi masa kallon ƙaramin yaro.

Idan ka samu suna da shekara, shafin IMDb, wanda yake tattara bayanan fina-finai da shirye-shiryen talabijin a intanet, zai ba ka jerin ayyukansa tare da adadin kashin da ya fito a kowane shiri. Wannan adadi shi ne zai nuna maka ko yana cikin 'yan wasan dindindin, ko yakan leƙo jefi-jefi, ko kuma sau ɗaya tak ya zo. Ka lura cewa jama'a ne suke tura yawancin bayanan shafin, don haka kuskure yana shiga, kuma mutane da dama suna da suna iri ɗaya.

Fitowar baƙunci ita ce ta fi wuyar kamawa, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar a ba ta lokaci, domin a nan ake ganin yadda ɗan wasa ya ɗauki tarihin yarintarsa. Wani lokaci yakan zo da rawar da aka san shi da ita cikin shirin wasu, kamar yadda Jaleel White ya shiga Full House a 1991 a matsayin Steve Urkel na Family Matters, ko yadda Coleman da Conrad Bain, wanda ya fito a uban riƙonsa, suka bayyana a kashin ƙarshe na The Fresh Prince of Bel-Air a 1996, shekara goma bayan nasu shirin ya tsaya. Wani lokaci kuma yakan fito da sunansa na gaskiya, kamar Fred Savage na The Wonder Years a shirin Seinfeld a 1992, kuma irin wannan mai yiwuwa ne a ajiye ta a wani sashe dabam na jerin, inda mai gaggawa ba zai duba ba. Akwai kuma aikin murya a shirye-shiryen zane, wanda ido ba ya kamawa sam: Coleman ya ba da muryarsa a The Simpsons a 1999. Idan kuwa tsohon hotonsa kawai aka sako cikin sabon shiri, kada ka lissafa shi a matsayin sabon aiki.

Duk abin da ka samu, tabbatar da shi ta hanyar kallon kashin da kansa, ka dakatar da hoton a daidai jerin sunayen da ake nunawa a ƙarshen kashin ka karanta. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a kan ƙananan yara, saboda dokokin aiki sun taƙaita awannin da za su yi a gaban kyamara, abin da ya sa akan ɗauki tagwaye su raba rawa ɗaya, kamar yadda Mary-Kate da Ashley Olsen suka raba rawar Michelle a Full House daga 1987 zuwa 1995.

Kada ka yanke cewa ɗan wasa ya bar sana'ar don kawai sunansa ya yi shiru na wasu shekaru. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya sake yin suna a 1964 a shirin barkwanci na The Addams Family, yana dattijo mai sanƙo, har da wuya wanda ya san shi yana yaro ya gane shi. Saboda haka ka bi jerin har ƙasa, kuma a gaban kowace fitowa ka rubuta sunan shirin, da zango, da lambar kashi, da shekara, da sunan da ya fito da shi, ka kuma sa alama a kan waɗanda ka gani da idonka don ka bambanta su da waɗanda ka karanta kawai.