Yadda za ka nuna wa ɗalibai aikin tukunyar nukiliya da dunƙulen takarda

Na daɗe ina koyar da fiziks, kuma duk ranar da na ambaci nukiliya, bam ne ke fara faɗo wa yara a rai. Shi ya sa nake fara gaya musu cewa tashar nukiliya ruwa take dafawa. Tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta, lantarki ya fito. Inda zafin ke fitowa shi ne darasin, kuma ga yadda nake nuna shi, malam, ko za ka gwada a ajinka.

Ka ba kowane ɗalibi dunƙulen takarda biyu. Shi ɗalibin ƙwayar zarra ce ta yuraniyom-235, takardun kuma niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra. Duk wanda takarda ta taɓa, ya wurga nasa biyun sama ya zauna. Sai ka jefa ta farko. Kafin ka ƙifta ido aji ya kacame. A nan za ka ce musu haka ƙwayar take yi: niyutiron ya shige ta, ta rabe biyu, ta saki zafi da wasu niyutiron biyu ko uku.

A zagaye na biyu ka mayar da kusan kowa yuraniyom-238, wanda in takarda ta zo masa sai ya sa aljihu. Mutum ɗaya ko biyu kawai za ka bari su yi wurgi. Nan take wasan zai mutu, kuma mutuwar tasa ake nema, domin yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, bakwai ne kacal cikin dubu suke 235. Don haka ake tace shi har ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari kafin ya shiga yawancin tukwane. Na bam yakan kai wajen kashi 90. Ka rubuta lambobin nan a allo, suna kwantar wa yara da hankali.

Sai ka ƙara doka: takardar da aka wurgo da ƙarfi ba ta ƙirgu, sai wadda ta zo a hankali. Niyutiron da ya fito da gudu yakan wuce ƙwayar 235 bai fasa ta ba, ruwan da ke cikin tukunya ne ke rage masa gudu, kuma shi ne ke kwashe zafin. A tukwane masu matsi, ruwan kan haura digiri 300 bai tafasa ba saboda an danne shi da matsin da ya ninka na iska sau 150 da ɗoriya.

Wurin da na fi tsayawa shi ne na masu kwando. Ka tsayar da yara uku a tsakiya suna cafke takardu a sama. Su ne sandunan boron ko kadmiyom masu haɗiye niyutiron. Aikinsu su bar takarda ɗaya tak daga kowane wurgi ta kai ga wani. In ta gaza ɗaya wuta ta lafa, in ta haura ɗaya ta ƙaru. Da sandunan kadmiyom Enrico Fermi ya riƙe tukunyar farko a Chicago ranar 2 ga Disamba, 1942.

Man kansa, wato yuraniyom ɗin da ake sawa a tukunya, ka yanko alli kamar santimita ɗaya ka ɗaga musu. Kusan haka girman kowane curin man yake. Ana jera su cikin bututun ƙarfen zakoniyom mai tsawon wajen mita huɗu, a ɗaure bututun dami-dami.

Kada ka sallami aji ba ka koma kan waɗanda suka zauna ba. Su ne ɓaraguzan ƙwayar zarrar da ta fashe, waɗanda ke ci gaba da fitar da zafi, wajen kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na zafin da tukunya ke bayarwa tana aiki, a lokacin da aka kashe ta. A Fukushima ta Japan, a Maris 2011, tukwanen sun kashe kansu da girgizar ƙasa ta zo, amma igiyar ruwa ta cinye janaretocin da ke ba famfunan sanyaya wuta, man tukwane uku ya narke. Ni nakan sa yaran da suka zauna su ci gaba da murza tafin hannunsu, ɗaya yana bi yana yi musu fifita, har a kaɗa ƙararrawa.