Yadda Nake Tantance Littafin Zane Kafin Ya Shiga Hannun Yaranmu

Yaro ya fi gaskata zane a kan rubutu. Ayar da aka karanta masa da safe yakan manta da ita kafin a tashi daga sujada, amma fuskar da ya gani a takarda tana nan a kansa har ya yi gemu. Ni malamar makarantar Lahadi ce a nan Zuru, ajin 'yan shekara bakwai zuwa sha biyu nake riƙe da shi, kuma iyaye kan tare ni a ƙofar majami'a da littafin labari cikin zane a hannu, su ce, "Malama, duba mini wannan, ya dace in ba yaro?" Ga yadda nake dubawa, don kowa ya iya yi da kansa a gida.

Da farko, kada bango ya ruɗe ku. Ganin sunan Littafi Mai Tsarki a gaban littafi bai isa shaida ba. A 2009 wani mai zane ɗan Amurka, Robert Crumb, ya zana littafin Farawa gaba ɗaya, sura 50 cif, bai tsallake labarin Lutu da 'ya'yansa ko na Yahuza da Tamar ba, ya kuma zana tsiraici a fili. A bangon ma an yi gargaɗi cewa yara kada su karanta sai da babba a kusa. To, kalmomin na Farawa ne, amma ba na ajin yara ba ne. Saboda haka ku juya littafin ku duba gaba da baya, musamman wajen da ake buga farashi. Wasu kamfanonin Amurka sukan sa harafi: E na kowa da kowa ne, T na matasa, M kuwa na manya ne zalla. In babu harafi ko ɗaya, kada a ɗauka lafiya lau ne, sai an buɗe.

In na buɗe, ba daga shafin farko nake farawa ba. Nakan ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefe, in nemi wurare uku.

Na farko haihuwar Yesu. Nan ne ake gane ko mai zanen Nassi ya karanta ko katin Kirsimeti ya kwaikwaya. Matiyu sura 2 ba ta ce masana taurari uku ne ba. Kyautai ne uku: zinariya da lubban da mur. Aya ta 11 kuma ta ce cikin gida suka shiga suka ga yaron da uwarsa Maryamu, ba wajen komin dabbobi ba, inda Luka ya ce makiyaya suka same shi. Yawancin littattafan zane sukan tara kowa a dare ɗaya, makiyaya da raƙuma da sarakuna uku da kambi a ka. Wannan ba ya sa in yar da littafi, amma yana gaya mini cewa sai na gyara da baki lokacin karatu. Haka ma gonar Adnin: Farawa ba ta faɗi sunan 'ya'yan itacen da Hawwa'u ta ci ba, masu zane ne suka mai da shi tuffa.

Na biyu Dauda. A duba yadda aka zana shi da Goliyat, domin 1 Sama'ila 17 ta faɗa a sarari cewa ya fille masa kai. Wani mai zanen yakan tsaya a majajjawa da faɗuwar ƙaton, wani kuma sai ya cika shafi da jini. A ƙasarmu ta Zuru, inda akwai yaran da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Akwai yaron da ya ga abin da ba a so ya gani da idonsa, bai kamata ya sake cin karo da shi a makarantar Lahadi ba. Sannan a wuce zuwa 2 Sama'ila 11, labarin Bat-sheba. In littafin ya share labarin ɗungurungum, ya mai da Dauda gwarzon da bai taɓa faɗuwa ba, yaro ba zai fahimci tubansa ba. In kuma ya daɗe a kan matar tana wanka, an san abin da yake tallatawa. Wanda nake so shi ne wanda ya nuna annabi Natan tsaye a gaban sarki yana nuna shi da yatsa.

Na uku gicciye da tashi daga matattu. Ya nuna wahalar ba tare da ya mai da ita abin kallo ba, kuma kada ya ƙare kafin kabarin ya zama fayau.

Daga nan sai fuskoki, kuma a nan nake daɗewa. Wata Lahadi wani yaro ya ɗaga hannu, ya ɗora yatsa a kan shafin gwajin Yesu a jeji, ya ce, "Malama, me ya sa Shaiɗan baƙi ne kamar mu, Yesu kuma Bature?" Ajin ya yi tsit, kowa ya leƙo. Gaskiyar yaron ce: an zana Yesu da gashi mai ruwan zinariya da shuɗin ido, mai gwajin kuwa baƙi ƙirin. Yesu Bayahude ne na ƙasar Gabas ta Tsakiya, ba daga Ingila ya fito ba. Ku duba yadda aka zana mutumin Habasha da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, babban ma'aji ne na sarauniya, mai karatu a cikin karusarsa. In an ba shi mutuncinsa, alama ce mai kyau. In duk miyagun littafin fatarsu ta fi ta saura duhu, ni ajiye shi nake yi, ko da kyauta aka ba ni.

Akwai kuma 'yan ƙananan littattafai masu girman tafin hannu, na Jack Chick, wani mai zane ɗan Amurka da ya rasu a 2016, da ake rarrabawa kyauta a ƙasashe da dama. Wasu labarin ceto ne kurum, amma wasu cike suke da sukar 'yan Katolika da Musulmi. A Zuru da Dabai da Ribah, gida ɗaya za ka tarar da Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, tuwo ɗaya ake ci, bikin Uhola ɗaya ake fita kallo. Takardar da za ta koya wa yaro raina kawunsa ba ta da wurin zama a jakata. Kowanne a karanta shi daga farko har ƙarshe kafin a miƙa.

Littattafan zane na Nassi biyu ne na fi amfani da su, duka na kamfanin David C Cook. The Action Bible ya fito a 2010, zanen Sergio Cariello ne, ɗan ƙasar Brazil da ya taɓa yi wa Marvel da DC, kamfanonin littattafan zane na jarumai, aiki, kuma hannunsa ya nuna haka: annabawa duk da damatsa kamar 'yan kokawar Argungu. Labaransa sun haura 200, shafuka sama da 700, kuma kowane labari an rubuta surar da aka ɗauko shi, abin da ke sauƙaƙa mini gwadawa da Nassi. 'Yan shekara tara zuwa sama ba sa ajiye shi. Ƙanana kuwa tsohon The Picture Bible, zanen André LeBlanc, ya fi musu laushi.

Matsalarsu Turanci. Yaranmu da harshen C'lela da Hausa suka tashi, da yawansu Turancin bai zauna ba tukuna. Dabarar da nake yi mai sauƙi ce. Ranar Asabar nakan yanka farar takarda ƙanana, in rubuta maganar kowane mutum da Hausa, da kalmomin Littafi Mai Tsarki da suka saba ji a majami'a, in maƙala a gefen shafi da kilif, ba da gam ba. Ranar Lahadi in rufe rubutun da hannu, in ce su faɗa mini abin da suke gani. Bayan sun gama hasashe sai ɗaya ya buɗe Nassi ya karanta, mu nemo abin da mai zane ya ƙara da abin da ya rage. Sun fi son wannan sashen, domin kama babba da kuskure daɗi gare shi wajen yaro. Ayar haddace kuwa kullum daga Littafi Mai Tsarki nake ba su, ba daga bakin zane ba.

Ba lallai kowane littafin zane ya zama na Nassi ba. Supa Strikas, labarin ƙwallon ƙafa da ya samo asali daga Afirka ta Kudu, ban ga abin hana yaro a cikinsa ba. Na jarumai masu tashi sama sai a duba suturar mata, da ko tsafi da ramuwar gayya ne ke cin nasara a ƙarshe. Wanda ake karantawa a waya ya fi wuyar tsarewa, don tallan da ke faɗowa ba ya tambayar shekarun mai kallo. A sauke littafin tukuna, a kashe data, sannan a ba yaro.

Samun waɗancan biyun na David C Cook a nan sai an yi aike. In fasto ko wani dattijo zai je taro Jos, a rubuta masa sunan littafin a takarda ya leƙa Challenge Bookshop. Da tsada, shi ya sa ya fi kyau zumuntar mata su haɗa kuɗi a sayi ɗaya na ikkilisiya. Da ya iso a naɗe bangon da leda mai kauri, a bi gindinsa da salatif, a ajiye a akwatin ƙarfe saboda gara da damina. Mai aro a rubuta sunansa da na mahaifiyarsa a littafi, mako ɗaya ya dawo da shi, kuma a ƙirga shafukan Samson a gabansa, don su ne suka fi ɓacewa.