Yadda za ka rage cunkoson saƙonni a Gmail ɗinka

Wallahi abin yana damuna in ga mutum ya buɗe waya imel dubbai ba a karanta ba, kuma a cikin wannan tarin ne saƙon kiran intabiyu ko na makaranta yake nutsewa har wa'adi ya wuce shi bai ma sani ba.

Fara da wurin ajiya tukuna. Google 15GB yake ba kowane akawun kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke rabawa, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma nan ake lissafa ta. In ya cika to fa saƙo ya daina shigowa, wanda ya turo ne zai ga ya dawo masa, kai kana nan zaune kana jira. Je wurin bincike na sama ka rubuta larger:10M, zai zaƙulo maka duk saƙon da ya haura 10MB, yawanci bidiyo ne da hotunan da aka turo tun shekarun baya, ka sauke wanda kake so ka goge saura. Daga nan ka leƙa Trash ka share shi kakaf, don abin da ka goge kwana 30 yake yi a can yana cin wuri.

Tallace-tallace kuwa kar ka tsaya karantawa, rubuta category:promotions older_than:1y ka zaɓe su duka ka watsar, a kwamfuta ya fi sauƙi. Duk kamfanin da ya ishe ka da saƙo danna Unsubscribe da ke kusa da sunansa.

Rasit na kuɗin makaranta ko takardar ɗaukar aiki kar ka goge, danna Archive, zai bar gabanka amma yana nan duk sanda ka neme shi. Alat ɗin banki ma ni nafi son a yi masa Filter, wato umarnin tace saƙo, ya riƙa wucewa Label ɗinsa, wato rukunin da ka ware masa, kai tsaye, sai dai a kwamfuta ake saita shi, manhajar waya ba ta yi.

Sannan ka ware lokaci biyu na duba saƙonni, da safe da bayan la'asar. Wanda amsarsa layi biyu ce amsa nan take, wanda sai ka zauna kuma danna Snooze ka sa masa ranar da zai dawo maka sama.