Yadda Rundunar Soja Za Ta Ba 'Yan Kwangila Aiki Ba Tare da Ta Saki Linzami Ba

Kafin a kira kowane kamfani, sai rundunar ta raba ayyukanta gida biyu. Girki, wanki, dakon mai, gina sansani da gyaran motoci duk ana iya miƙa su ga ɗan kwangila, kamar yadda sojojin ƙasa na Amurka suke yi a ƙarƙashin shirin LOGCAP da suka kafa a 1985. Amma tsare fursuna, yi masa tambayoyi da ba da umarnin buɗe wuta, a ganina bai kamata su bar hannun soja ba, domin shi ne dokar soja take hawa kansa kai tsaye.

Sai kuma salon biya. Kwangilar da ake mayar wa kamfani duk abin da ya kashe, sannan a ɗora masa riba, tana da amfani a lokacin gaggawa, sai dai ba ta koya masa tsimi. Da zarar an san yawan bakin da za a ciyar, a koma kan ƙayyadadden farashi.

Inda aka fi sakaci shi ne sa ido. A 2011 hukumar da majalisar dokokin Amurka ta kafa ta ƙiyasta cewa dala biliyan 31 zuwa 60 sun salwanta ta hanyar almubazzaranci da zamba a kwangilolin Iraƙi da Afganistan. Saboda haka a naɗa jami'in da zai shiga ɗakin cin abinci ya ƙirga farantai, ya zura sanda a tankin mai ya auna da kansa, sannan ya gwada abin da ya gani da takardar neman biya kafin ya sa hannu. A kuma wajabta wa kamfanin bayyana duk wanda ya yanka wa wani ɓangare na aikin, domin binciken majalisar na 2010 ya gano kuɗin dakon kaya a Afganistan suna faɗawa hannun madugan 'yan bindiga masu karɓar kuɗin tsaron hanya.

Tun kafin a fara aiki, a rubuta kotun da za ta hukunta ma'aikacin da ya aikata laifi. Kisan fararen hula 17 da ma'aikatan wani kamfanin tsaro suka yi a dandalin Nisur na Bagadaza a 2007 ya faru ne a lokacin da 'yan kwangila suke da kariya daga kotunan Iraƙi. Takardar Montreux ta 2008 kan kamfanonin soja da na tsaro masu zaman kansu, wadda Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka jagoranci samar da ita, ta jera matakan tantance kamfani, kuma ya dace jami'in kwangila ya ajiye ta kusa da shi.