Yadda Za a Kare 'Yan Firamare Daga Ƙunar Rana a Bauchi

Yawancin 'yan makaranta a nan sun ɗauka rana zufa kawai take sa mutum. Baƙar fata tana da sinadarin melanin mai tare wani kaso na UV, wato hasken rana mai ƙona fata da ido ba ya gani, shi ya sa kansar fata ba ta yi yawa a cikinmu ba. Yaro zabiya kuwa ba shi da wannan garkuwa, ƙunar da ya sha tun firamare na iya zame masa ciwon daji yana matashi.

A fara da lokaci. Rana ta fi cizo daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, musamman a bazara, daga Maris zuwa Mayu. A koya wa yara duba inuwarsu: in ta fi su gajarta, su koma gindin darbejiya. Asambuli da sharar fili a gama da sassafe, a kuma daina horon durƙuso a tsakar rana. Hazon hunturu ba ya tare UV gaba ɗaya.

Sai sutura: riga mai dogon hannu mai kauri, da malafa ko hula mai faɗin baki. Hular hana-salla ba ta rufe kunne da ƙeya, alhali nan ciwon ya fi tsirowa.

Man kariya daga rana na zabiya ya zama SPF 50, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin kwalbar. A shafa minti 20 kafin fita, layi biyu tsawon yatsa ga fuska da wuya, har bayan kunne da bayan hannu. A maimaita duk bayan awa 2, da bayan alwala ko zufa. Basilin da man kaɗe ba sa wannan aiki.

Inda abin ke lalacewa shi ne tsokana. Man da ke da sinadarin zinc yana barin fari-fari a fuska, 'yan aji su yi dariya, yaro ya cusa kwalbar a jaka, ya cire hula da an tashi tara. Faɗa ba ya gyara wannan. Hedimasta ya mai da hula dokar kowa, malamin aji ya ajiye man a teburinsa, a shafa ba tare da shela ba.

Iyaye su duba fatar yaro duk wata. Wuri mai kaushi da ɓawo, ko gyambon da ya wuce mako 4 bai warke ba a leɓe, kunne ko wuya, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) kafin a shafa masa komai.