Yadda za ku karanta manga mai kiɗa a cikinta

Manga, wato littafin labari cikin zane na Japan, daga dama ake buɗe shi kamar littafin ajami. Cikin shafi ma haka: ku fara da akwatin sama na dama, ku yi hagu, sannan ku sauko. Wanda ya fara ta hagu zai riƙa cin karo da amsa kafin tambaya, nan masu farawa suka fi ruɗewa.

Ku gwada da Your Lie in April na Naoshi Arakawa, wanda ya fito daga 2011 zuwa 2015, littafi 11. Kamfanin buga littattafai na Ki-oon ya buga shi da Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa ɗalibi a Maradi. Labarin Kosei ne, yaro mai kaɗa fiyano da ya daina jin sautin kiɗansa bayan rasuwar mahaifiyarsa, har ya haɗu da Kaori mai gogen Turawa.

Takarda ba ta kiɗa. Don haka kafin ku kai wurin gasar farko ta Kaori, ku sauke Kreutzer ta Beethoven, kiɗan da take yi a gasar, a salula tun da rezo, ku sa abin kunne. Ballade ta 1 ta Chopin kuwa, kiɗan fiyano, ku ajiye ta sai littafin ƙarshe.

Akwatunan da babu magana, kada ku tsallake su. Baƙin launin da ke mamaye shafi shi ne shirun da ke kunnen Kosei. Wanda bai daɗe da yin rashi ba, littafi guda a rana ya ishe shi, don akwai jinya da asibiti a gaba.