Yadda ake mayar da zanen littafin lakwal abin da yatsa zai karanta

Yaro makaho da yatsa yake karanta zane. Ido yana kwashe hoto gaba ɗaya, yatsa kuwa bi da bi yake tafiya. Saboda haka aikin farko shi ne rage zanen. A ce taswirar Nijar ce, darasin kuma a kan ruwa: a bar iyakar ƙasa, kogin Kwara da garuruwa uku, Yamai, Maraɗi da Zinder. Jahohi takwas ɗin su jira wani shafi.

Kayan duk ana samunsu a babbar kasuwa: kwali mai kauri, farin gam na kafinta, zare mai kauri da siriri, ƙyallen tela, takardar goge katako, maɓallai da almakashi.

A faɗaɗa zanen ya ninka na littafi, a zana shi da fensir a kwalin. A bi iyaka da zare mai kauri, kogi da siriri, gari kuma maɓalli. Tsakanin layi da layi a bar aƙalla milimita 3, in ba haka ba yatsa zai ji su ɗaya. Nau'in taɓi kada ya wuce biyar, kuma su sha bamban; atamfa biyu masu launi dabam ɗaya suke a hannu. In zanen na dabba ne, a yi ta daga gefe, ƙafafu huɗu a fili. Zanen da ke ƙaranta abin da ke nesa rikita yaro yake yi.

Sunaye a rubuta su da birel, rubutun ɗigo shida, a wata takarda, a manna su a kwance. Birel yana cin wuri, don haka haruffa biyu sun isa, bayaninsu a shafin gefe. A yanke kusurwar sama ta dama domin yaro ya san inda saman shafi yake.

Malamai na son manna gero ko shinkafa, amma ɓera da gara ba sa barinsu su kwana biyu. Salatif yana ɗagowa da zafin bazara, kwali kuma yana lanƙwasa da damina in ba a danne shi cikin akwati ba. Gam ya kwana kafin a taɓa.

Ranar gwaji, a fara gaya wa yaron abin da ke shafin, ya shafa duka da tafin hannu biyu, sannan ya bi zaren da yatsa. Duk inda ya tsaya yana jujjuya yatsa, nan ne za a ɓare a sake.